Kakin Barazil Ko Haɗin Masana'anta: Wanne Zai Iya Da Ranar Arewa?

Wanda ya hau gadar masu tafiya da ƙafa a Kano ko Kaduna ya leƙa titi zai ga abin da na gefen hanya ba ya gani. Ta gefe, motoci da yawa fes suke, ƙofofinsu na ɗaukar ido. Ta sama kuwa labarin daban ne: rufi da bonet da murfin but sun yi fari-fari, na wasu har ya fara ɓarewa. Abin ya fi fitowa a baƙaƙen motoci da jajaye da masu shuɗi mai duhu, irin tsofaffin Honda Accord da Toyota Camry da suka cika titunanmu. Masu motocin kan ce fenti ya ƙone, kuma gaskiyarsu ne. Kuskuren shi ne a zaci akwai wani mai da za a saya a shafa ya dawo da shi. Babu. Idan ya kai nan sai wajen mai fenti, kuma da zarar an yi wa mota sabon feshi, dillali ya daina kiranta fas bodi, kuɗinta ya sauka.

Saboda haka tambayar nan da yaron wanki kan yi idan ya gama tsane mota, "Alhaji, a sa mata folish?", ta fi ƙarfin a amsa ta da ɗaga kai kawai ana duba waya. Me za a sa? Da me za a goga?

A shagunan kayan mota yau abu uku ne ke gogayya. Akwai gwangwanin kaki mai ƙamshi, wanda galibi za ka ga an rubuta Carnauba a jikinsa da manyan baƙaƙe. Akwai gorar ruwan haɗi, wanda a masana'anta aka ƙera shi tun daga tushe. Sai na baya-bayan nan, siramik, wanda ya shigo da tsada da tarin alƙawura. Masu son mota a Turai da Amurka sun daɗe suna musu a kan na farko da na biyu: waɗannan su ce kakin itace ya fi kyan gani, waɗancan su ce haɗi ya fi ƙarko. Musun ya iso mu ta YouTube da TikTok, sai dai ya zo ne da yanayin ƙasashensu, inda ake fama da dusar ƙanƙara da gishirin da ake barbaɗa wa titi lokacin sanyi, kuma motoci da yawa a gareji suke kwana. Namu lissafin daban ne.

Abin da ake ƙoƙarin karewa

Fentin motar zamani hawa huɗu ne. Na ƙasa shi ke manne wa ƙarfe ya hana tsatsa, na biyu ya daidaita jiki, na uku shi ne launin da muke gani, sai na sama, wani fenti garai-garai marar launi da masu fenti ke kira kiliya. Duka huɗun a haɗe kaurinsu kan tsaya tsakanin maikiron 100 zuwa 150, kiliyar kuwa ba ta cika wuce 35 zuwa 50 ba. Silin gashin mutum ɗaya yana kai wajen maikiron 70. Wato abin da ke tsakanin launin motarka da ranar Afrilu bai kai kaurin gashi ba.

Da ba haka ake yi ba. Wanda ya taɓa goge mota a zamanin da Peugeot 504 ke fitowa daga kamfanin Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, zai tuna tsumma na ɗebo launin motar. Yawancin fentin wancan lokaci hawa ɗaya ne, launi da sheƙi a haɗe, idan ya dusashe sai a goge saman, sabo ya fito daga ƙasa. Daga shekarun 1980 ne kiliya ta bazu a masana'antun mota. Ta fi sheƙi, kuma a cikinta ake zuba sinadaran da ke tare hasken nan na rana mai ƙona fata, wanda ido ba ya gani. Amma idan ta mutu ta mutu, babu wani sabo a ƙarƙashinta.

A nan ya kamata a raba ayyuka biyu da ake cakuɗawa a wuraren wanki. Akwai man gogewa mai ɗauke da ɓarɓashi, wanda aikinsa ya ci saman kiliya kaɗan don ƙarce ya ɓace. Akwai kuma man shafawa, wanda ba ya cin komai, sai dai ya bar siririn rufi a sama. Na farko magani ne da ake sha jefi-jefi, domin duk gogewa da inji tana tafiya da wasu maikiron da ba za su dawo ba. Mai motar da ke sa a bi ta da inji duk wata don ta yi ƙyalli, da kuɗinsa yake matso da ranar ɓarewar fentinsa. Musun kaki da haɗi a kan na biyun yake.

Daga ganyen bishiya zuwa gwangwani

Karnauba bishiya ce dangin giginya, mai faffaɗan ganye irin nata, kuma gidanta arewa maso gabashin Barazil, musamman jihohin Piauí da Ceará da Maranhão da Rio Grande do Norte. Yanki ne mai dogon rani da zafin rana, don haka bishiyar kan lulluɓe ganyenta da wani farin gari mai kaki don kada ruwan jikinta ya ƙafe. Wannan garin ne dukiyar. A lokacin rani, wajen watan Agusta zuwa Disamba, ma'aikata kan sare ganyen da lauje da aka ɗaura a kan doguwar gora, a shanya shi a rana, a kakkaɓe garin, a narka, a tace. Na ɗanyen tsiron da bai buɗe ba shi ne mai haske, shi ake kira T1, ya fi tsada. Na buɗaɗɗen ganye ya fi duhu, ya fi araha. Har yau Barazil ce kaɗai ke fitar da shi kasuwar duniya.

Ba masu mota kaɗai ke nemansa ba. Shi ke sa alewa da ƙwayar magani sheƙi, yana cikin jan baki da man takalmi, a jikin kwalayen abinci na Turai kuma lambarsa E903. Darajarsa ta kai a 1935 shugaban kamfanin kaki na Johnson, Herbert F. Johnson ƙarami, ya tashi daga Amurka a ƙaramin jirgin sama har birnin Fortaleza don ya ga bishiyar da idonsa ya tabbatar ba za ta yanke masa ba. Kafin nan, tun wajen 1910, kamfanin Simoniz na Chicago ya fara sayar da kakin mota mai karnauba, a shekarun 1940 kuma Turtle Wax ya biyo baya daga wannan birnin.

Abin da ya ɗaga karnauba sama da sauran kakin halitta shi ne tauri da jure zafi. Kakin zuma na narkewa a digiri 62 zuwa 64 a ma'aunin Salshiyas, karnauba kuwa sai ya kai 82 zuwa 86. To amma wannan taurin shi ne kuma matsalarsa. Zallarsa ɓawo ne mai tauri da ba ya shafuwa, dole sai an sassauta shi da mayuka da sinadaran narkarwa, waɗanda yawancinsu daga man fetur aka samo su, a wasu lokuta a ƙara kakin zuma ko farafin ko silikon. Idan ka ga gwangwani an rubuta karnauba ɗari bisa ɗari, abin da ake nufi shi ne ɓangaren kakin da ke ciki, ba duk abin da ke gwangwanin ba. Mai cewa ya zaɓi na halitta don gudun sinadari, a cikin sinadarin yake tsundum bai sani ba.

Akwai kuma wani ɓangaren da ba a bugawa a jikin gwangwani. Masu sa ido na ma'aikatar ƙwadago ta Barazil sun sha ceto ma'aikata daga gonakin karnauba a Piauí da Ceará cikin halin da dokar ƙasar ke kira mai kama da bauta: kwana a fili, babu tsabtataccen ruwan sha, babu kayan kariya. A 2017 wani shiri na gidan talabijin na ARD a Jamus ya fito da maganar fili, har manyan masu saye suka shiga bincikar inda kayansu ke fitowa. Wannan ba hujjar ƙaurace wa kakin ba ce, tunda dubban iyalai da shi suke ci a lokacin da gona ba ta ba da komai. Amma ya isa ya rage wa kalmar "na halitta" kwarjinin da 'yan talla ke ba ta.

Duk da haka, a ba shi haƙƙinsa. Babu abin da ke fito da baƙar mota ko ja kamar karnauba mai kyau. Yakan cike ƙananan ƙarce na ɗan lokaci, ya ba fenti wani irin zurfi, ka ga jikin motar kamar a jiƙe. Sheƙinsa irin na sabuwar shadda ce da ta fito daga wajen mabuga: ranar farko kowa sai ya waiwaya, amma wanki biyu uku ya tafi. A ƙasashe masu sanyi ana ba shi wata ɗaya zuwa uku. A nan, inda zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai a watan Afrilu, kuma bonet ɗin baƙar mota da ke tsaye a rana kan wuce digiri 70, mayukan da aka sassauta kakin da su kan yi laushi su ƙafe tun kafin a je ko'ina. Motar da ke yini a filin sakatariya ko bakin kasuwa, da wuya ta ga ƙarshen wata da kakinta.

Abin da masana'anta ta kawo

Man haɗi ba narkewa yake a kan fenti ya daskare ba. Sinadaransa, waɗanda galibi dangin silikon ne ko akirilik, sukan sarƙe da juna bayan an shafa, su kama jikin kiliya. Shi ya sa ake cewa a bar motar wasu awoyi ba tare da ruwa ya taɓa ta ba. Idan ya kama, zafi ba ya sassauta shi da wuri, sabulu ma ba ya ɗauke shi nan take. Mai kyau kan yi wata huɗu zuwa shida. Sheƙinsa ya fi kama da na gilashi, kaifi gare shi amma babu zurfin nan na karnauba, kuma ba ya ɓoye aibi: ƙarcen da ke jikin fenti zai fito sarai. A farar mota ko ruwan azurfa, bambancin kyan ganin sai mai ido sosai.

Siramik ɗan gidan nan ne da ya yi gaba. Ruwa ne mai sinadarin silika wanda idan ya bushe yakan zama siririn rufi mai tauri, kaurinsa maikiron ɗaya ko biyu, kuma idan ƙwararre ya yi aikin yana iya kai shekara biyu zuwa biyar. Tsadarsa ba ta 'yar kwalbar ba ce, ta aikin share fage ce: wanki, cire duk abin da ya maƙale, goge ƙarce, sannan a shafa a rufaffen wuri marar ƙura. Wanda ya ce zai yi maka siramik a bakin titi a watan Janairu, ƙurar hunturu zai binne maka a ƙarƙashinsa. Lambar nan 9H da ake bugawa a kwalinsa kuma ta ma'aunin taurin fensir ce, ba ta ma'aunin duwatsu ba. Siramik ba ya hana tsakuwa fasa fenti, ba ya hana ɗan adaidaita gogar ƙofa. Mai son maganin wannan sai ledar kariya mai kaurin wajen maikiron 200, wadda asalinta kamfanin 3M ya ƙera don farfelar jiragen yaƙi masu saukar ungulu, kuma kuɗinta ba na kowa ba ne. Su kuwa gororin feshi masu araha da aka rubuta wa siramik, man haɗi ne mai ɗan silika a ciki. Suna aiki, amma na watanni.

Wata gaskiya da ta shafi duka ukun: babu wanda ke tare rana yadda talla ke faɗa. Rufin ya yi siriri da yawa. Babban aikinsu shi ne su hana datti kama fenti, su sa wanki ya yi sauƙi, su ɗauki dukan farko na kashin tsuntsu da ruwan itace kafin ya kai ga kiliya. Mai rumfar kwano a gida da bai taɓa shafa komai ba, fentinsa zai fi na mai siramik da ke kwana a fili daɗewa da kyau.

Tsumma da omo

Yanzu mu zo inda ɓarnar take. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu kan kwaso ƙura daga Sahara, kaso mai yawa daga kwarin Bodélé da ke arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon babban tafkin Chadi, wanda yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Binciken da aka yi wa ƙurar da ke sauka a arewacin Najeriya ya nuna mafi yawanta ma'adinin kwaz ne, wato asalin yashi. Kwaz yana ƙarce gilashi, balle fenti, balle kaki.

To me muke yi da safe? Direba ko maigadi ko ɗan gida ya ɗauko busasshen tsumma ya bi motar yana sharewa. Niyyarsa alheri ce, ladabi ma yake nunawa. Amma kowane zagaye na hannunsa jan yashi yake a kan kiliya. Ka tsayar da baƙar mota a rana ka duba, za ka ga siraran da'irori sun zagaye hasken. Wannan aikin tsumma ne, ba na rana ba. Ƙarce kuma na rage kaurin kiliya, ya sa a kai motar a goge da inji, a ƙara rage ta, sai ranar bazara ta ƙarasa sauran.

A wajen wanki kuma omo ne sarki. An yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, kuma kaki maiƙo ne. Wanki ɗaya ko biyu da omo ya isa ya tafi da yawancin karnauban da aka biya kuɗi aka shafa jiya. Man haɗi ya fi jurewa, shi ma ba har abada ba. Ga soso ɗaya da aka wanke taya da shi a hau bonet, ga bokiti ɗaya da yashi ya kwanta a gindinsa. Wasu kan ɗiga kananzir ko man dizal a ruwan ɗauraya don mota ta yi ƙyalli. Takan yi, na yini ɗaya, sannan ta zama matattarar ƙura, robobin gilashi kuma su fara lalacewa. Man birki da wasu ke shafa wa taya don ta yi baƙi, idan ya fantsama a fenti cinye shi yake.

Ba laifin yaran wankin ba ne su kaɗai. Ana biyansu kuɗin da bai kai na sabulun mota ba, ana tsaye a kansu ana gaggawa. Araha ba ta ado. Mai motar da ya sayi nasa sabulun da tawul biyu masu laushi na maikirofaiba ya ajiye a but, ya ce a fara watsa ruwa sosai kafin hannu ya taɓa jiki, a ware soson taya daban, ya yi wa fentinsa abin da ya fi gwangwani mafi tsada a kasuwa.

Ruwan kansa abin dubawa ne. Na rijiyar burtsatse a wurare da yawa yana da ma'adinai, idan ya bushe a kan zazzafan fenti sai ya bar fararen ɗigo waɗanda kan ci ciki. Abin mamaki, motar da aka yi wa siramik ko sabon kaki ta fi fuskantar wannan, domin ruwa kan taru a kanta ƙwallo-ƙwallo maimakon ya malale. Maganin shi ne wanki a inuwa da tsanewa nan take. Inuwar ma a zaɓa. Darbejiya na zubar da 'ya'ya da danƙo, mangwaro haka, ga kashin tsuntsaye da na jemagu, wanda idan ya kwana biyu a rana a kan bonet sai ya bar tambari ko an wanke.

Wanne za a saya?

Ra'ayina a fili yake. Motar aiki, wadda ke fita kullum, ta yini a rana, ta kwana a tsakar gida, man haɗi ne nata. Ya fi jure zafinmu, ya fi yafe wa mai wanki kuskure, kuma shafawa biyu ko uku a shekara ta isa. Karnauba na motar da ke da gareji ce, wadda ake fitowa da ita ranar Juma'a ko ɗaurin aure ko hawan Sallah, da mutumin da shafa kakin kansa nishaɗi ne a wurinsa. Dillalai ma suna ƙaunarsa saboda yana ɓoye ƙarce, abin da ya kamata mai sayen 'yar Kwatano ya riƙe a ransa: ya nemi ganin motar a rana bayan an wanke, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Masu son duka biyun kan fara da man haɗi, bayan ya kama su ɗora karnauba a sama. Akasin haka ba ya yi, domin haɗi ba ya kama jikin kaki. Siramik kuwa sai ga sabuwar mota ko mai lafiyayyen fenti, kuma sai wanda ke da iko a kan wa ke wanke masa ita da kuma da me.

Shafawar ba ta da wani sirri. A wanke, a tsane, a tabbatar jikin motar ya huce. A ɗebo kaɗan, domin abin da ya wuce siririn shafi a tsumma zai ƙare. A bi ɓangare ɓangare, a bari ya yi hazo-hazo, a goge da tawul mai tsabta. A kiyaye baƙaƙen robobi, kaki kan bar musu farin tabo mai wuyar fita. Motar da aka yi wa sabon fenti a gari kuma a ƙyale ta wata ɗaya zuwa uku kafin a rufe ta da komai, saboda sinadaran cikin fentin na ci gaba da fita, idan aka toshe su sheƙin kan dusashe.

Lokaci biyu suka fi dacewa a ƙasarmu: ƙarshen Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke kafin ƙura ta sauko, da farkon Maris, kafin zafin bazara da ruwan farko mai haɗe da ƙasa. Tsakanin nan, a watsa ruwa a kan wankakken bonet a gani. Idan ya tattaru ya gangara, rufin na nan. Idan ya baje ya kwanta shimfiɗe, ya ƙare, ko da kuwa gorar ta yi alƙawarin shekara guda.